Kwabban da Goggo Ta Ɗaura a Ƙugu

Daga Allah muke, kuma gare Shi Goggo ta riga mu komawa, ranar wata Talata da sassafe, a ɗakinta da ke unguwar Ranuna, inda in ka leƙa ta taga kana hango hasumiyoyin masallacin Kuba. Yayar mahaifina ce, uba ɗaya. Ta haura tamanin, ba wanda ya san da nawa. An yi mata salla a Harami bayan azahar, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Ni ina Kano ina hutu, sai washegari da yamma jirgi ya sauke ni Madina.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin likitar yara a garin nan, na san yadda ake zaman makoki a cikinsa. Bayan magariba ake taruwa, kwana uku, maza a ƙasa mata a sama, a zaga da gahawa da dabino. Na kuma san yadda ya kamata makokin tsohuwa irin Goggo ya kasance, tsohuwar da rabin matan falon ita ta yi musu wankan jego. Ana kuka ana dariya, wannan ta tuno tsiyar da ta yi mata, waccan ta kwaikwayi tafiyarta. Abin da na tarar daban ne. Falon a cike maƙil, amma shiru kamar an hana magana.

Wata ta kama hannuna ta ce, “Allah ya yafe mata, Daktora. Allah dai ya yafe mata.” Ba ta ce ya jiƙanta ba, kuma ƙasa take kallo. Wata 'yar Agadas, wadda na san Goggo ta taɓa yin kwana huɗu tana jinyarta a asibiti, ta karɓi finjalin gahawa ta ajiye ba ta kurɓa ba, ta ja abayarta ta fita. Biyu suka bi ta. Mutum ɗaya ce ke kuka da gaske, wata tsohuwa 'yar Damagaram da suka yi shekara hamsin suna zaɓen dabino tare a gonakin Awali. Tana kuka tana hararar kowa, tana cewa, “Ku dai ku ji tsoron Allah. Ku dai ku ji tsoron Allah.”

Matar Yaya ce ta ja ni kicin. Yaya shi ne babban ɗan Goggo. Matarsa haifaffiyar Madina ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, sai in hankalinta ya tashi take haɗa biyun.

“Daktora, wallah ban so ki ji a bakin mutane ba,” in ji ta. “Da muka zo canja mata kaya kafin a ɗauke ta, sai muka samu tamima a ƙugunta. Laya, ya'ani. Fata ce an ɗinke, an ɗaura da zare.”

“Kun buɗe?”

“Na farke. Ƙarafa ne huɗu, baƙaƙe, da wani rubutu da ban taɓa gani ba, da mashi mai baki uku. Astagfirullah. A Madina, Daktora! Da shi a jikinta ta cika.”

“Wa da wa suka gani?”

“Ni da maƙwabta biyu.”

Maƙwabta biyu. Ai an gama, har Kano labarin ya kai kafin ni na baro ta. Ta ce Yaya bai ci komai ba tun jiya. Ya ce gobe bayan la'asar zai kai ƙarafan wurin mai ruƙiyya a lalata su, da magariba kuma, a zaman ƙarshe, zai tashi a gaban maza ya ce shi ya barranta daga abin da aka samu a jikin mahaifiyarsa, duk wanda ta taɓa kama masa jariri ya je a yi wa ɗansa karatu. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mu baƙaƙen fata, ko turaren wuta ka cika sai wani ya kalle ka sau biyu, balle tsohuwa mai kama jarirai da fata ɗinkakkiya a ƙugu. In ɗanta na cikinta ya faɗi haka a bainar jama'a, sunan da za ta bari a garin Manzo shi ne mai sihiri.

Na buɗe baki zan yi magana, matar Yaya ta riga ni. “Ai ke kika fara faɗa,” ta ce. “A gabana kika ce tsafi ne. Ko kin manta?”

Ban manta ba. Zan zo kan wannan, amma bari in fara gaya muku wace ce Goggo, don wasunku abin da aka samu a ƙugunta kaɗai kuka sani.

Ba ta taɓa taka Najeriya ba. A Madina aka haife ta, mahaifinta ya bar ta wurin kakarta ya koma Kano, can ya haifi babana. Amma duk ranar da na shiga gidan sai ta ce, “Ya mutanen gida?” kamar jiya ta baro su. Hausarta ta kakarta ce, wadda aka baro gida da ita tun kafin jirgin ƙasa. Ba ta cewa dubu, sai zambar. In abu bai yi mata ba ta ce bai kai wuri biyar ba, ita da ba ta taɓa ganin an sayi ko gishiri da wuri ba. Jikokinta suna yi mata magana da Larabci, tana ba su amsa da Hausa, in sun ce ba su gane ba ta ce yunwa za ta fassara musu.

Kowace Asabar da ƙafa take zuwa Kuba ta yi raka'a biyu, da sandarta, tana tsayawa hutu a gindin kowace katanga. Yaya ya sha bin ta da mota a hankali yana roƙonta ta shiga. Sai ta ce, “Ƙafa ta kawo kakata daga Kano, ba za ta gaza kai ni Kuba ba. Wuce, kana tare wa mutane hanya.” In kuma ka zo mata da fushi, ba ta sauraronka sai ta tura maka kwano. “Zauna ki ci tukuna, in kin ƙoshi kya yi faɗan da ƙarfi.” Sau nawa na ci na ƙoshi na manta abin da ya kawo ni.

Aikinta na gaskiya kuwa matan da suka haihu ba uwa a kusa. Garin nan cike yake da su, matan likitoci da na malaman jami'a, da masu aikin gida da na gona, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Ban san yadda take jin labari ba. Kawai za ki ji an ƙwanƙwasa, ki buɗe ki ga tsohuwa ta sauka daga tasi da ƙatuwar tukunya da ɗaurin ganye. Wata ta taɓa tambayarta, “Iya, wa ya aiko ki?” Ta ce, “Uwarki ce ta aiko ni, ba ta sani ba ne kawai.” Ba ta karɓar komai. In an matsa mata ta ce a biya mai tasi.

Haka ta zo min, shekarata ta uku a nan, da na haifi ɗana na fari. Mahaifiyata ta rasu tun ina makaranta, mijina injiniya ne a Yanbu, sai ƙarshen mako yake zuwa. Goggo ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakina ta ce arba'in za ta yi. Yaron ya zo da cibiya mai tasowa, in ya yi kuka sai ta kumbura. Ni aikina ne, na san irin wannan da kanta take komawa, ba a taɓa ta. Na gaya mata haka, ta ce to. Rana ta ashirin da huɗu na kwance masa ƙyalle na ga an naɗe cikin da wani tsumma. Na warware, sai ga ɗan ƙarfe baƙi a kan cibiyar, bai kai faɗin murfin kwalba ba amma da kauri da nauyi, fatar wurin ta yi ja.

Ina da zafin rai, kowa ya sani, ranar kuwa ga jego ga rashin barci. Matar Yaya ta zo duba ni, tana zaune a falo. Na fito da ƙarfen a hannu ina ihu. Na ce wannan jahilci ne, zai sa wa yaro ciwo. Na juya shi na ga rubutun da ban sani ba, sai bakina ya wuce inda hankalina ya tsaya. Na ce, “Wannan ai tsafi ne, Goggo! A gidana? A jikin ɗana?”

Goggo tana dama min kunu. Ta ajiye ludayin. “Tsafi,” ta ce, kamar tana ɗanɗana kalmar. Na zaci za ta tattara tukunyarta ta tafi, da ta yi haka ma da ya fi min sauƙi. Ba ta tafi ba. Sauran kwana goma sha shidan nan safe da yamma ta dafa ruwa, ta yi min wanka, ta gasa min jiki, ta dama kunu, ba ta ce min komai ba sai “juya” da “sha”. Ranar arba'in ta yi wa yaron addu'a ta kira tasi.

Da na koma aiki na tafi da ƙarfen asibiti, wai in nuna wa abokan aiki irin abin da muke fama da shi. A ɗakin magani akwai wani dattijo ɗan Indiya, Musulmi, mai farin gemu, kowa Ammu yake ce masa. Ina cikin zuba, sai ya miƙo hannu. Ya cire tabarau ya kai ƙarfen kusa da ido.

“Daktora, ina kika samu kuɗin garinmu?”

Na ce kuɗi?

Ya ce kuɗi ne, kwabon jan ƙarfe, tsufa ne ya mai da shi baƙi. Sunansa dokdo. Na wata 'yar masarauta ne da ake kira Kach, a gaɓar teku, yammacin Indiya, can kakanninsa suke. Ya ce zamanin da Turawa ke mulkin Indiya akwai sarakuna da yawa da aka bar musu ƙasashensu suna riƙewa a ƙarƙashin Turawan, wasu har da izinin buga kuɗinsu. Kach tana cikinsu, kuma ba ta saki kuɗinta ba sai da Turawan suka tafi. Irin wannan kwabon ashirin da huɗu ke yin kori ɗaya, kuɗinsu na azurfa. Na talakawa ne, na albasa da man fitila. Kakarsa tana da irinsa cike da gwangwani, suna wasa da su suna yara.

Ya nuna min fuska ɗaya. Rubutun haruffan Larabci ne, sai dai yaren Farisanci ne. Ya ce da can sunan sarkin Musulmi na Dilli ake bugawa a nan, da Turawa suka kawar da shi sai aka koma buga sunan sarauniyar Ingila, da haruffan nan dai. Ga sunan garin da aka buga shi, Buj, ga shekara, alif ɗari takwas da wani abu, ƙarshen ya goge. Ya juya ɗaya fuskar. Wannan rubutun Indiya ne, sunan sarkin Kach. Ga jinjirin wata, ga wuƙa, ga mashi mai baki uku. Na ce mashin fa? Bai ɓoye min ba. Ya ce sarkin ba Musulmi ba ne, alamar addininsa ce. Ya ce amma mutanen ƙasar 'yan jirgin ruwa ne, Musulminsu da wannan kwabon suke tara guzurin hajji, su taso a jiragen iska har Jidda. Ya mayar min da shi da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

Kunya ta hana ni zuwa Ranuna har mako biyu. Da na je, na durƙusa na ba Goggo haƙuri. Ta tura min kwano. Bayan na ci na gaya mata abin da Ammu ya ce. Ta tashi ta ɗauko wani tsohon gwangwanin shayi, ta zazzage guda huɗu a tafin hannunta.

“Ai na san kuɗi ne,” ta ce. “Ke ce ba ki tambaya ba. Garinsu ne ban sani ba.”

Ranar ta ba ni labarin. Kakarta, wadda ita ce kakar babana, ta taho da ƙafa ita da mijinta, suna tafe suna tsayawa noma da dako, shekaru a hanya. Mijin ya rasu a bakin teku kafin su haye, ta iso Madina ita kaɗai da ciki. Daka take yi wa mutane ta samu abin ci. Wata rana wani mutum ya ja ta da hannu, da nuni, zuwa masaukin alhazan Indiya. Wata mata ce kwana biyu tana naƙuda. Ba kalma ɗaya da ta haɗa su sai bismillah. Kaka ta karɓi haihuwar, uwa da ɗa lafiya. Matar ta kwance bakin mayafinta, kwabbai biyar ne a ciki, ta juye mata duka. Kaka ta tafi wurin mai gurasa da murnarta, don tun jiya ba ta ci ba. Ya juya su ya sake juyawa, ya jefo mata, ya ce ba kuɗin nan ba ne. Ta zaga kasuwa ba wanda ya karɓa. Da ta haifi nata ɗan, wato kakana, ya zo da cibiya, sai ta ce kuɗin da suka ƙi sayen gurasa ai sa yi wani aikin.

“Nauyi ne kawai, 'yar ƙanena,” in ji Goggo. “Ya danne cibiyar. Ko dutse ne mai faɗi zai yi. Ba ni na ce yana da wani sirri ba.”

Na ce ko nauyin ma ba ya yin komai, da kanta take komawa. Ta ce, “Ke Bature ya koya miki, ni mata suka koya min. Bar wannan.” Sai na gaya mata maganar mashin. Da na sani ban faɗa ba, amma na riga na yi mata ƙarya sau ɗaya da kalmar tsafi, ban so in ƙara da ɓoyo. Fuskarta ta canza. Ta kai kwabon bakin taga tana dubawa.

“Alamar abin bautarsu?”

“Haka ya ce.”

“Shekara sittin ina ɗora wa 'ya'yan Musulmi.”

Asabar ta gaba na raka ta Kuba. Bayan ta idar muna zaune a inuwa ta ce ta yanke shawara. Ba za ta ƙara ɗora wa ɗan kowa ba, tunda ga ni na ce ba ya amfani, ga kuma wannan. Amma ba za ta yar ba. Sau uku suna tashi daga gida saboda faɗaɗa gari, turmin Kaka ya tafi, tasbaharta ta tafi, ɗakin da ta rasu a ciki yanzu otal ne a wurin. “Waɗannan kaɗai suka rage da hannunta ya taɓa,” ta ce. “Kuɗi ne. Wata baiwar Allah ta ba ta da zuciya ɗaya. In akwai laifi a hoton, na wanda ya buga ne.” Wanda ke hannuna ta ce in riƙe, ni ma jinin Kaka ce.

Sai ta kama hannuna ta ce kada in gaya wa Yaya. Yaya malamin makaranta ne, ya karanta tauhidi, ba ya wasa da irin waɗannan abubuwa. Ɗa ne nagari, kada wani ya ji ni ya zaci ba haka ba. Shi ke yanke mata farce, shi ke tura ta a keke cikin Harami. Amma ya taɓa samun wata tsohuwar laya ta mahaifinsa a akwati, ya ƙone ta a gabanta, ya yi kwana uku yana yi mata wa'azi. “In ya ga mashin nan, rijiya zai jefa su,” in ji ta. Shi ya sa ta samu fata ta ɗinke su ta ɗaura a inda ɗa ba ya dubawa. Na yi mata alkawari, na kuma cika shi shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa tunanin ranar da wasu hannuwa za su kwance mata zane ba, ni da nake ganin mutuwa kowane mako.

Ranar uku da hantsi na je gidan Ammu. Ya yi ritaya, yana zaune wurin ɗansa, ƙafafunsa sun yi nauyi. Da na gaya masa bai tambayi komai ba, ya ce a miƙo masa sanda. Muka tarar da Yaya a falon ƙasa shi kaɗai tsakanin kujerun makoki, idonsa jajur.

“Daktora,” ya ce. In ransa a ɓace yake haka yake kira na. “Kalas, na gama magana. Kada ki shiga abin da ba ki da ilminsa.”

“Ina suke?”

“A bayan mota. Ba za su kwana ƙarƙashin rufina ba.”

“Ɗauko su, Yaya.”

“Wa ye wannan kika kawo min? Boka ne shi ma?”

Raina ya tashi, amma na tuna abin da zafin raina ya jawo. Na buɗe jaka na ajiye nawa kwabon a kan tebur. Ya ja da baya kamar na ajiye kunama.

“Ke ma?”

“Ni ma. Biyar ne. Ka karanta da idonka, ai ka fi ni Larabci. In ka karanta ka ce sihiri ne, da kaina zan raka ka wurin mai ruƙiyya.”

Ya fita, ya dawo da leda a ƙulle, yana riƙe da ita da yatsa biyu. Ammu ya yi sallama, ya yi masa ta'aziyya da Larabcinsa na 'yan Indiya, ya zaɓi wanda rubutunsa ya fi fitowa, ya goge shi da bakin rigarsa. Ya ce Yaya ya ɗora kyamarar waya a kai ya ƙara girma. Yaya ya yi a'uziyya ya sunkuya. Na ga leɓensa yana motsi. Ya karanta kalmar da ke nufin sarauniya. Ya gangara ƙasa ya tsaya a kan wata kalma, ya sake karanta ta. Ita ce wadda ake rubutawa a jikin kuɗi kafin sunan garin da aka buga su, tana nan a tsofaffin riyalan azurfa da ya gani yana yaro.

“Wannan sikka ce,” ya ce a hankali. “Kuɗi ne.”

“Kuɗi ne, ustaz,” in ji Ammu.

Yaya ya juya kwabon. “Wannan fa? Mashin?”

Ammu ya gaya masa gaskiya kamar yadda ya gaya min. Ya ƙara da cewa kakansa liman ne, da irin wannan a aljihu yake jan salla, da shi yake ba miskinai a ƙofar masallaci, don ba su da wani kuɗin.

“To don me ta ɗaura a jiki?” Yaya ya juyo kaina, muryarsa ta tashi. “Wanda ya rataya abu don kariya, kin san hukuncinsa. Don me za ta ɗinke a fata ta ɓoye?”

“Don kai,” na ce.

Na gaya masa duka, daga mai gurasa har inuwar Kuba. Na gaya masa abin da ta ce game da nauyi, da abin da ta ce game da rijiya. Na gaya masa shi ma wata uku ya yi da ɗaya daga cikinsu a ciki, don ta ce ya zo da cibiya kamar ƙwallon goruba. Na ce kalmar tsafi daga bakina ta fito, ni na shuka ta a kunnen matarsa, in akwai wanda zai tashi ya ba jama'a haƙuri yau ni ce.

Ya jera kwabban biyar a tafin hannunsa, ya rufe. Ammu ya ce zai jira a mota. Da ya fita, Yaya ya ce, ba ni yake kallo ba, “Ban shiga ba.”

“Ina?”

“Kabarin. Aka ce babban ɗa ya sauka ya karɓe ta. Na ce bayana yana ciwo. Ƙanena ne ya sauka. Na tsaya can baya, ya ƙanwata. Ko ƙasa ban zuba ba. Mutane suna addu'a, ni ina tsaye ina tambayar kaina ko ya halatta in nema mata gafara.”

Da magariba ya tashi a gaban maza, ya ɗaga kwabban ya faɗi abin da suke, ya ce shi ya yi wa mahaifiyarsa mummunan zato, su shaida ya janye. Ni ma na faɗi nawa a sama, wurin mata. Amma waɗanda suka fita ranar da na iso ba su dawo ba, labarin kuma ya riga ya haye teku. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Duk wadda Goggo ta taɓa dafa wa ruwa, in ya iso gare ki, ki karanta wa ta kusa da ke.

Kafin magaribar nan, da la'asar, lokacin da da can Yaya ya shirya zuwa wurin mai ruƙiyya, Baƙi'a muka tafi. Mata ba sa shiga, na tsaya a waje jikin shingen ƙarfe, shi da ƙanensa suka bi cikin jama'a. Na fi awa ina tsaye a rana ina kallon tattabaru suna sauka suna tashi. A Baƙi'a ba a rubuta suna, tudun ƙasa ne da ɗan dutse, kuma kowace salla ana kawo wasu. Da suka fito ƙanen ya wuce ni bai tsaya ba. Yaya ya zo ya kama shingen, farar rigarsa duk ƙasa a gwiwa.

“Ka same ta?” na ce.

“Layin ya cika. Ƙanena ya ce ko wannan ne ko wancan, bai tabbata ba.” Ya share fuska da bakin mayafin kansa. “Guda shida ne sababbi a wurin. Na durƙusa a kan kowanne na ce, Ummi, ki yafe min.”

Ya Allah, Kai ba Ka buƙatar dutse mai suna kafin Ka gane ta. Ka yalwata mata, ita da biyar ɗin da ke gefenta.